Da 'Yata Ta Tafi Shimfiɗa Waya a Teku

Ni 'yar Katsina ce. Sai da na haifi 'yata ta fari kafin na taɓa ganin teku, shi ma daga nesa na tsaya riƙe da takalmina. Wannan 'yar, wadda har yau ba na kiran sunanta, ta girma a gidanmu na unguwar Camberwell, nan ƙasar Turawa, ta zama injiniya. Wata Lahadi ina tuƙa tuwo ta shigo kicin ta ce za ta bi jirgin ruwa.

"Zuwa ina?"

Ta yi min bayani, rabi Hausa rabi Turanci kamar yadda ta saba. Akwai wayoyi shimfiɗe a ƙasan teku, su ke kai muryata gida idan na kira yayata. Kamfaninsu zai shimfiɗa sabuwa tsakanin wasu tsibirai can gabas mai nisa, a jikinta da na'urorin da ke jin nauyin ruwa da motsin ƙasa. Idan ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, ruwa ya taso, wayar za ta riga shi isa gaɓa da labari, mutane su hau tudu.

"Wato inda ƙasa ke girgiza, can za ki?"

"Umma, ai can ake buƙatar wayar."

Babanta ya sa mata albarka. Ni kuwa na ci gaba da tuƙi. Tuwon ranar duk gudaji.

Tunda ta tafi zama ya gagare ni. Na wanke labulen da ba su yi datti ba. Na daina shiga bas zuwa asibitin da nake aikin ba da magani, sai in taka, ko ana yayyafi. Kafin ta tafi ta nuna min wani shafi a wayar hannu inda jirginsu ke fitowa kamar ƙwayar gero a kan shuɗi. Ina dubawa kafin salla, ina dubawa bayan salla, har babanta ya ce kallona ba ya ƙara wa jirgi gudu.

Wata rana lokacin cin abincin rana, abokiyar aikina, wata nas 'yar Jos, ta zo ta dafa kafaɗata.

"Maman yara, ba wajen nan 'yarki take ba? An yi girgizar ƙasa."

Na kira 'yata, wayar ba ta shiga. Na sake kira. Na nemi izini na fita, ban san inda na nufa ba. Na hau bas, na sauka, na tsallaka titi na hau wata. Daga ƙarshe na tsinci kaina a bakin kogi, ina kai da komowa tsakanin masu ɗaukar hoto, bakina yana ta Hasbunallahu.

La'asar ta kusa sai wayata ta yi ƙara.

"Umma! Ta yi aiki!"

"Me ya yi aiki? Ke lafiyarki ƙalau?"

"Lafiya lau. A tsakiyar teku ko motsi ba mu ji ba, sai ruwan ya kusa gaɓa yake tashi."

Ashe ɓangaren da suka riga suka shimfiɗa ya ji wucewar ruwan. Ba a gama haɗa wayar da ofishin gargaɗi ba, don haka da baki suka sanar da tsibirin. Mutane sun hau tudu. Ruwan bai yi girman da aka ji tsoro ba, ya dai kwashe kwale-kwale da rumfunan masunta, ba a rasa rai ba.

Tana ta zuba, muryarta na rawa don murna. Na yi mata faɗa son raina kan rashin ɗaukar waya, alhali na san ba laifinta ba ne. Sai na zauna a kan benci.

Da aikin ya ƙare ta dawo gida, ta yi baƙi, ta rame, tana cin abinci kamar an koro ta. Kwano na biyu ne a gabanta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, akwai wata tafiyar idan sanyi ya wuce.

Na tashi na shiga kwashe kwanukan, har da nata da ba ta gama ba.