Inda Gwiwar Mama Ta Tsaya

Shekara ashirin Injiniya yana zana wa mutane bene a kwamfuta, daga zaune, tumbi na ta yin gaba. Da ya tashi zana nasa gidan, ƙasa duk shaguna ne, sai ya ware wa mahaifiyarsa ɗaki a sama, don zamanta ita kaɗai ya dame shi. Ya kai mata zanen yana washe baki.

"A ina mutum zai tsaya ya huta?" in ji tsohuwa.

"Bayan matakala goma sha biyu, Mama. Kwamfuta ce ta lissafa."

"Ita kwamfutar tana da gwiwa? To ta zo ta zauna maka a ɗakin."

Ya san halinta, in ta ƙi ta ƙi ke nan. Sai ya lallaɓa ta zuwa benen maƙwabta, tana hawa yana biye yana ƙirgawa. A ta bakwai ta tsaya, ta dafa bango. Gogan kuwa tun a ta biyar yake haki.

A ranar ya sauko da wurin hutun zuwa ta bakwai.

"Faɗaɗa shi ya ci kujera biyu," ta ce. "In na tare, ba ni kaɗai zan nemi wurin zama ba."