Garkar da Inna ta yi a cikin tano

Shekarun baya, lokacin da kamfanin haƙar uraniyom ya rage ma'aikata a Arlit, mahaifina yana cikin waɗanda aka sallama. Ya dawo gida da tari mai hana shi ƙarasa magana. Ni a lokacin 'yar budurwa ce, babu abin da na iya sai kwaɗayi.

Mahaifiyata ta kai shi asibiti, na bi su. Bayan awo, lokotoro ya nuna mata ƙafar gadon da ta ci tsatsa.

"Madam, jikin mutum ma haka yake yi daga ciki. Ƙurar rami da taba suna ƙara masa tsatsa. Ganye, tumatir, karoti, lemo, suna rage ta. Ba warkarwa suke ba fa, taimako ne kawai."

Inna ba ta ji ƙarshen maganar ba, ko kuma ta ƙi ji.

To amma ina ganyen? Fari ya ƙone garake, tawaye ya sa motocin da ke kawo kayan lambu daga duwatsun Abzin sun daina zuwa saboda tsoron nakiya. Kasuwa sai busasshiyar kuɓewa da gero. Inna kuwa Badamagariya ce, ba ta san zama ta naɗe hannu ba. Ta je wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafan da ke fitowa daga wurin haƙa, inda kowa ke sayen tukunya da ƙyauren gida, ta sayo tano biyu, manyan gangunan ƙarfen nan. Maƙeri ya raba su, ta cika su da ƙasa da kashin awaki, ta shuka tumatir, zogale da yakuwa. Ruwan alwalarmu ma a gindinsu yake ƙarewa.

Suka yi kyau kamar ba a Arlit ba. Sai ta kafa doka: "Wannan maganin babanku ne. Wanda ya taɓa, ni da shi." Ƙannena suka bi doka. Ni kam da ta juya baya sai in tsinki jan tumatir guda in cusa a baki. Na sha muciya a kan tumatir ɗin nan ba sau ɗaya ba.

Kullum Baba sai ya ci kwaɗon zogale, yana ci yana ramewa. Wata rana ya ture kwanon ya ce, "Ba yaran mana." Inna ta ce, "Malam, ci. Su tsatsarsu ba ta fara ba." Ya rasu kafin zogalen ya kai tsayin katanga.

Bayan ta fita takaba, wasu mutane suka zo unguwarmu suna bin gida-gida da wata na'ura mai ƙara idan ta ji gubar uraniyom. A ɗakunanmu shiru. Da suka matsa kusa da tanonin, ta kama kuka babu ƙaƙƙautawa. Inna ta tambayi mai riƙe da ita ko abin yana shiga cikin ganye. Ya ce shi ba zai iya cewa ba. Suka ɗora tanonin a mota da shukar da kome. Tun daga ranar ba ta ƙara shuka ko barkono ba.

Yanzu idan na ga ana ta yaɗa cewa a ci ganye a tsare jiki, ba na musu, gaskiya ne. Baƙin ciki kawai nake ji, don mu ma mun ji maganar, mun kuma bi ta iyakar ƙarfinmu.

Inna ta tsufa, ta manta abubuwa da yawa. Amma har yau, ko shaƙewa na yi da ruwa na yi tari, sai ta kafe ni da ido ta ce, "Faɗa mini gaskiya, tumatir ɗin nan guda nawa kika ci?"