Zakaran Goggo Aune

Goggo Aune, ƙanwar babana, ta shekara arba'in tana sayar da kalakukko a kasuwar Kuopio, a ƙasar Finland. Ƙananan kifaye take rufewa cikin kwaɓin garin wani hatsi mai kama da alkama, ta gasa har ɓawon ya yi tauri. A harshenmu kala kifi ne, kukko kuwa zakara. Shi ya sa Veikko mai dankali, maƙwabcinta a rumfa, kullum yake tsokanarta: "Aune, yau ma zakaran naki bai yi cara ba?" Abin kuwa yana cin ranta.

Da na dawo daga jami'a ta ritsa ni a bakin tanda.

"Ke da kika karanci harshe, ina zakaran yake?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Goggo, wasu malamai na ganin kalmar 'yar'uwar kukkaro ce, wato lalita, abin ɓoye kaya."

Washegari Veikko na buɗe baki ta tare shi.

"Lalita ce, ai lalita ba ta cara. Taka ma ban taɓa jin motsinta ba, marowaci!"

Ya yi dariya har da tari, ya sayi guda biyu.