Gurbin Yatsan Yaya Idi

Jiya a bakin dam ɗin Watari na ga yayana, Yaya Idi, yana juya sabuwar sandar fatsa kamar an ba shi jinjirin wani.

Tun da hannunsa ya fara rawa ya jingine tsohuwar gorarsa ta fatsa, ya ce shi da kifi sai a kasuwa. Ɗansa Habibu kuwa ya ƙi yarda. Ya sayo kayan haɗi daga Kano, ya zauna ya haɗa masa sanda da mariƙin wani abu da ake kira kabon, baƙi wuluk, ba nauyi ko kaɗan.

Yaya ya taɓe baki. "Habibu, wannan tsinken? Ai tarwaɗa ma raina ni za ta yi."

"Baba, riƙe dai ka ji."

Ya riƙe. Sai babban yatsansa ya faɗa wani ɗan kwarmi a jikin mariƙin, ya zauna daram. Rawar ta lafa.

Ya ce, "Wa ya gaya wa sandar nan inda yatsana ke kwana?"

"Gorarka ce, Baba. Na auna inda yatsanka ya cinye ta, na yi maka irinsa."

Yaya ya juya mana baya, wai iska ce ta sa masa ƙasa a ido. Ni dai ban ji iska ba.

Karfasa ɗaya tal ya kama, amma ya ce gobe mu yi sammako.

Jama'a, wa ya taɓa lura da hannun mahaifinsa haka? Ku ba mu labari.