Kofin Shayi Na Uku

Shekarun baya, lokacin ina zaune a wani ɗan falat a unguwar Karama ta Dubai ina ji da kaina don na samu aikin ofis mai kwat da taye, wani abu ya same ni a hanyar gabar teku wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na sha niyyar ba ku labarin ina fasawa, saboda ni ne sakaran da ke cikinsa.

Yayana makanike ne a Al Quoz. Shi ya fara zuwa Dubai, shi ya jawo ni, shi ya tsaya min har na gama karatu. Muna kama sosai, har mahaifiyarmu takan ce baƙin mai a farce ne kawai ya raba mu. Yana da wata tsohuwar jif ruwan ƙasa da ya sayo a mace ya tashe ta da hannunsa. Yadda yake lallaɓa motar nan, ko amarya sai haka. Har hon ya sa aka aiko masa daga gida, irin na manyan motocin hanyar Maiduguri mai kuka hawa-hawa, in ya danna a unguwar Deira sai ka ga 'yan Arewa suna waiwaye suna dariya. Da ya samu sarari sai ya ɗauki kwana uku ya bi bakin teku shi kaɗai. Kullum sai ya ce min, "Ƙanina, zo mu je ka ga ikon Allah." Kullum ni kuma sai in ce aiki ya yi yawa.

Wata rana ya gyara min motata ya kawo min har ofis, da kayan aikinsa a jiki, duk maiƙo. Ina tsaye da ogana da wasu abokan aiki. Ogan ya kalle shi ya kalle ni, ya ce wane ne wannan, kuna kama. Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, "Makanikena ne" ba. Yayana ya ji. Ya yi murmushi, ya sa min mukulli a hannu, ya ce, "Yallaɓai, ta gyaru." Ya juya ya tafi.

Wata takwas bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Sai in rubuta saƙo in goge. Ina ta cewa sai Juma'a, sai bayan albashi, sai Sallah. Ranar wata Talata da la'asar aka kira ni daga garejinsu, ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A nan Al Quoz muka binne shi. Mahaifiyarmu ta ce in riƙe jif ɗinsa, kada in sayar. Na riƙe, amma tambaya ɗaya ta hana ni sakat: ya yafe min kafin ya tafi, ko da abin a ransa ya koma ga Allah?

Da sanyi ya shigo, ina goge motar na tarar da wata takarda a aljihunta. Da biro ya zana hanyar da yake bi, daga Dubai har Kalba, ya yi wa wasu wurare alama ya rubuta "shayi" a gefe. Na ce to, tunda ban bi shi da rai ba, bari in bi takardarsa. Na ja abokina, wani mutumin Damagaram mai harkar kago, wato aika kaya, a Deira, mai cika baki ne na ƙarshe. Ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, mu je. Ni da na ratsa Sahara a bayan akori-kura, mene ne teku?"

Bayan sallar asuba muka tashi. Muna wuce Ajman hazon teku ya rufe hanya, fari fat, ba ka ganin komai sai jan fitilar motar gabanka. Alamar farko wani ɗan shago ne kusa da inda masunta ke jingine jiragensu. A ƙasar nan ba sai ka sauka ba, kana fakawa ka danna hon za a kawo maka karak, shayin nan mai kaurin madara, har taga. Na danna. Wani mutum ya leƙo daga ƙofa, na ɗaga masa hannu na nuna biyu. Ya fito daga cikin hazon da kofi uku. Muka ce kuskure ne, abokina ya shanye na ukun yana cewa rabonsa ne ya kira.

Da azahar muka tsaya a wani tsohon ƙauyen masunta kusa da Ras Al Khaimah wanda mutanensa suka daɗe da tashi. Gidaje a buɗe, ba ƙyaure, rairayi ya cika ɗakuna har gwiwa. Ba kare, ba akuya, ba tsuntsu. Takun takalmanmu kawai muke ji, sai kuma teku can baya yana numfashi. Abokina da ya ratsa Sahara ya ce shi fa yunwa yake ji, mu tafi. Muka fito, muka nemi alama ta biyu. Na danna hon, na nuna biyu. Aka kawo uku.

Wannan karon abokina bai sha ba. Can sai ya fashe da dariya ya ce, "Nuna min yadda ka yi da hannunka." Na nuna masa. Ya ce, "Ka ji ɗan ƙauye! Ka naɗe yatsu biyu irin ƙirgen gida, ka bar uku a tsaye. Su na tsaye suke ƙirgawa, mon ami." Na kalli hannuna, wallahi gaskiyarsa. Muka yi ta dariya har da hawaye, irin dariyar mutanen da suka ji tsoro ba sa son su faɗa. Muka kwana a wani ƙaramin otal, hankali kwance.

Washegari muka ratsa duwatsu muka faɗo Dibba. Jama'a, wurin nan yana da kyau. Duwatsu baƙaƙe tsirara sun gangaro har cikin ruwa, ruwan kuma shuɗi ne shar, ga gonakin dabino a tsakani, ga masunta suna jan koma da tsofaffin motoci. Na fahimci abin da yayana yake kirana in gani. Motar tana ta tafiya sumul, carbinsa yana lilo a jikin madubi.

A alama ta uku na ce yau ba ruwana da yatsu. Na danna hon, mai shagon ya leƙo, na buɗe baki na ce masa da Larabci, "Itnen." Abokina ma ya ƙara masa da ƙarfi, "Itnen, habibi, biyu!" Mutumin ya gyaɗa kai. Ya dawo da uku a faranti. Ya ba ni ɗaya, ya ba abokina ɗaya, sannan ya zuro hannu ta taga ya ajiye na ukun da kansa a ramin kofi da ke tsakanin kujerunmu. Ya dube ni ya ce, "Akhuk." Wato na ɗan'uwanka. Ya juya abinsa.

Innalillahi. Abokina ya ce a hankali, ba tare da ya juya wuyansa ba, "Me ya gani a baya?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Duba madubi." Na ce, "Kai ka duba." Ba wanda ya duba. Na ja motar muka tafi, kofin nan yana tururi a tsakaninmu, abokina yana karanta Ayatul Kursiyyu yana haɗe kalmomi. Kuma a daidai lokacin ne hancina ya fara jin warin baƙin mai da turaren yayana, wanda ƙila tun fil azal yana jikin kujerun, ni ne ban kula ba sai ranar.

Na san mamaci ba ya dawowa, tun ina islamiyya na san wannan. Amma zuciyata ta ƙi ji. Abin da take faɗa min shi ne, yana biye da kai, bai yafe ba.

Na faka a wani bakin ruwa da ba kowa. Abokina ya fita da sauri ya ce shi bas zai hau ya koma Deira, khalas, shi ke nan, ya yafe yawon. A nan na zauna a kan dutse na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, maganar ofis da wata takwas ɗin nan. Na zaci zai lallashe ni. Ina! Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Amma kai ɗan iska ne, wallahi. Mutumin da ya ci baƙin mai don ka sa taye?" Na ce na sani. Ya daɗe yana jifan ruwa da tsakuwa. Sannan ya ce, "Tashi mu je. Alama nawa ta rage?" Na ce biyu. Ya ce, "Bon. Ko aljani ne sai mun kai shi inda za shi."

Duk da wannan jarumtar, a Khor Fakkan mun wuce shagon da ke jikin takardar ba mu tsaya ba, ko kallonsa ba mu yi ba. A garin muka kwana.

Rana ta uku da hantsi muka isa Kalba, ƙarshen zanen. Wuri ne shiru, ruwa kwance a cikin wasu bishiyoyi da suka tsiro a tsakiyarsa, fararen tsuntsaye a tsaye ba sa motsi. Shagon ɗan ƙarami ne, da benci ɗaya a gaba. Na daɗe hannuna yana kan hon ɗin kafin na danna. Wani dattijo mai farin gemu ya fito, bai ma tambaye mu ba, ya koma ya dawo da kofi uku yana washe baki. Yana isowa taga sai ya tsaya cak. Murmushin ya ɓace. Ya ƙura min ido, ya kalli fuskata, ya kalli hannayena a kan sitiyari. Ya ce da Larabci, a hankali yadda zan gane, "Kai ba shi ba ne."

Na ce ni ƙaninsa ne.

Dattijon nan ya ajiye farantin a kan bonet ya ɗaga hannu sama. "Masha Allah! Kai ne mai kofin! Ka zo ke nan. Ina shi?"

Na sauko daga motar, na faɗa masa. Ya zauna a kan bencin, ya daɗe yana addu'a. Sannan ya ba mu labari. Ya ce duk masu shayin hanyar nan sun san hon ɗin. Da can kofi ɗaya yayana yake saye. Amma a zuwansa na baya-bayan nan, sai ya fara cewa a riƙa ƙara masa ɗaya, na ƙaninsa ne. Yakan ajiye shi a tsakanin kujeru ya zauna yana kallon ruwa, in ya huce ya ba duk wanda ya zo wucewa. Ashe sauran masu shagunan ni suka ɗauka shi ne, suka ga ya ɗauko baƙo, suka ƙara kofin da suka saba.

Na tambaye shi tun yaushe aka fara ƙarin. Ya lissafa da watanni. Bayan ranar ofis ne. Na tambaye shi zuwansa na ƙarshe. Sati uku kafin rasuwarsa.

"Ya taɓa faɗa maka wani abu a kaina?" Haka na tambaye shi.

Ya ce, "Kullum. Hotonka yake nuna min a waya, da hular gama karatu. Na ce masa wannan ƙanin naka ba ya zuwa ne? Ya ce, kunya yake ji, ya yi min ɗan laifi, in na kira shi zan ƙara masa nauyi. Ka bar shi, da ƙafarsa zai zo."

Ya ɗauko kofi na ukun ya sa min a hannu. "Sha," in ji shi. "Naka ne."

Na sha, jama'a. Ina sha ina kuka kamar ƙaramin yaro, gaban dattijon da ban taɓa gani ba. Abokina ya juya baya yana ta faman goge gilashin motar da ba abin da ya same shi.

Kwana biyu ina tsoron waiwayawa baya don kada in ga wanda yake fushi da ni, alhali mutumin nan shayi yake saya min. Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne, ni ina jiran ya kira don in samu ƙofar ba da haƙuri, shi kuma yana can ya ƙi kira don ya sauƙaƙa min. Tsakanin Karama da Al Quoz ko minti ashirin ba a yi. Saboda haka in akwai wanda kuka ɓata wa rai kuna ta cewa sai Juma'a, don Allah ku ajiye wannan karatun ku kira shi yanzu. Ni na samu amsar tambayata, alhamdulillahi, ya yafe min. Amma haƙurin da na yi wata takwas ina shirya kalmominsa, a bakin kabari na je na ba shi.