Ranar da Na Yi Tafiya a Kan Bahar Maliya

Bari in hutar da mai karatu tun daga farko: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na shekara talatin da 'yan kai ina ƙirga kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda, don haka na ɗauka babu lissafin da zai kayar da ni. Ashe agogo na nan yana jirana.

Bara zuciyata ta yi mini gardama. Likita ya zura mini wani ɗan bututu a jijiya, ya ce halas, magana ta ƙare, daga yau kullum sai na yi tafiya, ta gaske, ba daga tabarma zuwa masallaci ba. 'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta, ma'aikaciyar jinya ce. Kwana uku ta yi a kaina a asibiti ko abaya ba ta canja ba. Da muka dawo gida a unguwar Bani Malik sai ta ɗaura mini wani baƙin agogo, ta ce yana ƙirga taku, yana sauraron bugun zuciya, kuma duk abin da ya ji sai ya kai wa wayarta.

Na ce, "Wato magulmaci kika ɗaura mini."

Ta ce, "Aiwa, haka ne, ya Baba. Kuma ba ya karɓar goro."

Kwana biyar na yi ina bin umarni. Wanda ya san zafin Jidda ya san abin da nake nufi: ka fito da wanka, kafin ka kai bakin titi ka sake wani. Gwiwa ta ce ba ta yarda ba. Ni kuma ban saba musu da gwiwata ba.

To, a saman benenmu Uwata take zaune da mijinta. Surukin nan nawa mutumin kirki ne, yana aiki a wani babban sito a Khumra, wuni yake yana kai da kawowa tsakanin kaya. Aibinsa ɗaya: duk Juma'a bayan La'asar sai ya tafi Abhur ya hau teku. Wani allo gare shi, a ƙarƙashinsa an kafa doguwar sanda, a gindin sandar akwai fiffike kamar na jirgin sama. Ya tsaya a kan allon, ya riƙe wata laima mai cin iska, da gudu ya kama sai fiffiken ya ɗaga shi, ka gan shi yana tafe sama da ruwa kamar aljani mai sauri. Shi ma yana da irin agogona. Idan ya dawo yakan zauna kusa da ni ya buɗe waya, ya nuna mini jan zare a kan shuɗin taswira: nan ya juya, nan iska ta ƙi, nan ya fi gudu, nan ya faɗa. Har minti nawa ya yi a sama agogon ya rubuta. Nakan ce masa mu a zamaninmu wanda ya faɗa ruwa ɓoyewa yake yi, ba ya ajiye shaida.

Wata asuba a ƙofar masallaci dabara ta zo mini. Na kwance agogon na miƙa masa.

"Ɗana, tun da yawo kake yi a siton nan, ɗan zagaya mini da wannan."

Ya kalli agogon, ya kalli takalminsa. "Baba, ai..."

"Na'am?"

"Babu komai, Baba."

Na san abin da na yi. A gidan Bahaushe, ko a Kano ko a Jidda, suruki ba ya ce wa uban matarsa a'a. Kunyarsa na hau, kamar yadda yake hawan allonsa. Kullum da asuba ya karɓa, da Magariba ya dawo mini da shi a aljihu, in ɗaura in shiga gida ina haki na ƙarya. Hajiya matata tana kallona ta gefen ido. Shekara arba'in muna tare, ta san hakina na gaskiya.

Ana cikin mako na biyu Uwata ta sauko da kayan aikinta, ta durƙusa ta sumbaci goshina. Ta ce, "Masha Allah, Baba, zuciyarka ta koma ta saurayi." Ta ce da, duk lokacin da ta sami hutu a wurin aiki da faɗuwar gaba take buɗe wayar, yanzu kuwa buɗewa take don ta ji daɗi. Idonta ya kawo ruwa. Wallahi a lokacin na ji wani abu ya soke ni, ba kuma a wurin da likita ya taɓa ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ce, "Ai ƙoƙari muke yi."

Ranar Juma'a babu aiki, amma na saba da banza. Bayan an sauko daga masallaci na cusa masa agogon na ce ya ɗan taka da shi ko nan da bakin kasuwa. Bawan Allah ya ɗaura a hannun dama, nasa na hagu, ya manta. Ya isa Abhur, ya latsa nasa don ya fara rubuta masa hawan ranar, hannu ya saba, ya latsa nawa ma.

Bayan Magariba muka zauna cin abinci gaba ɗaya, shinkafa da kaza a faranti guda. Uwata ta ajiye wayarta a tsakiyar ledar cin abinci, kusa da kwanon salak.

"Baba, yau ina ka yi tafiyarka?"

"Nan unguwa. Na ɗan zarce kaɗan."

"Kaɗan?"

Ta juyo mini da wayar. Shuɗi ko'ina, babu titi ko ɗaya, ga jan zare ya yi gaba ya yi baya kamar ɗinkin koyo.

"Awa biyu kana tsakiyar teku. Gudunka ya fi na mota a Bani Malik. Kuma ka faɗa ruwa sau bakwai."

Hajiya ta fashe da dariya ta ce, "Alhaji, shi ne ko rigarka ba ta jiƙe ba?"

Na gyara zama na gyara hula. Na ce, "Ku mata ba ku san ikon Allah ba. Mutumin da ya yi wa teku hidima shekara talatin, don ta ɗauke shi sau ɗaya abin mamaki ne?"

Surukina ya ajiye cokali, kansa a ƙasa. "Laifina ne."

"Kai yi shiru," in ji Uwata. "Na san ba ka iya ce masa a'a. Shi ma ya sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta riƙa ja da yatsa tana komawa baya, ranar Alhamis, ranar Laraba, duk kwanakin da ta yi murna da su, tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta daina dariya. Ni kuwa, maimakon in nemi afuwa kamar mai hankali, sai na ga kamar akwai sauran ƙofa.

Na ce, "To Uwata, mene ne abin ɓacin rai? Agogon bai yi ƙarya ba. Zuciya ya ji, kuma lafiyarta ƙalau. Ai ta gida ce, ba ta bare ba."

Ta kamo hannuna, ta kwance agogon, ta sake ɗaura shi da kanta, ta ƙara matse shi da rami ɗaya. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Baba, zuciyar mijina ba na bukatar agogo kafin in ji ta. Taka nake nema."