Mai Mara Baya

Ni ce mai rubuta bayanan zama a majalisar dokokin jiharmu. Tebirina yana ƙasa da kujerar Kakaki, don haka duk wanda ya miƙe tsaye ina ganin fuskarsa, kuma duk abin da ya faɗa sai ya bi ta hannuna.

Akwai wani ɗan majalisa da muke kira Mai Mara Baya. Malamin firamare ne kafin jam'iyya ta ɗauko shi, a lokacin da manya biyu na mazaɓarsa suka ƙi janye wa juna, aka nemi wanda ba zai dami kowa ba. Bai kuwa dami kowa ba. A ƙa'idarmu ƙuduri ba ya zama abin muhawara sai wani ya mara masa baya, shi kuma wannan ya ɗauka sana'a. Kafin mai ƙuduri ya zauna ya miƙe, ya gyara hula: "Mai girma Kakaki, na mara baya." Har na riƙa rubuta masa jimlar tun bai buɗe baki ba. Titi a garin wani, makaranta a garin wani, dukansu da muryarsa aka yi su. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Haushinsa nake ji wani lokaci, wani lokaci tausayi. Ofishinsa ne na ƙarshe a baranda, kusa da ɗakin ajiye tsofaffin kujeru. Masu neman alfarma ba sa ƙarasawa can. In na kai masa takardu sai in same shi shi kaɗai, ya cire takalmi, yana jiran butar lantarki ta tafasa. Matarsa ta rasu tun a zangonsa na biyu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Yayarsa kaɗai ta rage masa, wadda ta goya shi, kuma har gobe Auta take ce masa.

Ciwon ƙoda ya kama ta. Babu injin wankin ƙoda a asibitin yankinsu, sai an ɗauko ta a mota tun asuba zuwa babban birni, a mayar da ita da yamma a galabaice. Likita ya ce hanyar tana cin ta fiye da ciwon. A lokacin ne kuma jam'iyya ta ba wani tikitinsa na takara.

Sai ya rubuta ƙuduri, na farko a rayuwarsa, yana neman a kai injin wankin ƙoda asibitin yankinsu. Ya bi ofis-ofis da ƙafarsa. Kowa ya ce, "Haba Onarabul, kai da kanka? Ai an gama." Ya zo wurina yana murmushi kamar yaro.

"'Yata, duba mini, ko akwai kuskure?"

Babu kuskure ko ɗaya.

Ranar zama ya miƙe ya karanta ƙudurinsa. Bai ambaci yayarsa ba, ya ce dai akwai marasa lafiya da yawa da tafiyar take wahalar da su. Ya zauna. Kakaki ya ce, "Wa zai mara baya?"

Babu wanda ya miƙe. Wani ya duƙufa kan wayarsa, wani ya tuna yana da uzuri a waje. Shugaban masu rinjaye ya riƙa kallon silin. Ba ƙiyayya ba ce, da ma ita ce da na fi samun sauƙi. Mutum ne mai barin gado, kuma ba a turo ƙudurin daga sama ba, to wa zai wahalar da kansa? Shi kuwa ya waiga dama, ya waiga hagu, yana bin fuskokin da ya tsaya wa. Kakaki ya sake tambaya, sannan ya buga guduma. Na rubuta cewa ƙuduri ya faɗi, raina a ɓace.

Bayan an tashi na kai masa kwafin bayanan zaman. Ƙofar a buɗe take, waya tana kunnensa, kuma muryar tsohuwar tana fitowa har inda nake.

"Auta, sun yarda?"

Ya kalli takardar da ke hannuna.

"Yaya, ki kwanta da wuri," ya ce. "Direba zai zo da asuba."